Idan yaro ya ɓarke da kuka a wajen bincike na filin jirgi, ga yadda jami'in tsaro zai yi

Wannan bayanin na 'yan AVSEC ne, wato jami'an tsaron filin jirgi da ke ƙarƙashin FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta Najeriya, da ma duk wanda aiki ya tsayar da shi a bakin ƙofar bincike, ko a Malam Aminu Kano ne ko Nnamdi Azikiwe a Abuja ko Sakkwato ko can Yamai. Iyaye ma in sun karanta ba laifi, don su san abin da ya kamata a yi musu da wanda bai kamata ba.

Mu fara da abin da ba ya canzawa: yaro fasinja ne, kuma ƙa'idar tsaron jiragen sama ta ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ba ta ce a bar wani ya wuce ba bincike don yana kuka ba. Saboda haka maganar "ai yaro ne, ku wuce kawai" babu ita, don duk mai mugun nufi da ya gane cewa kukan yaro na buɗe ƙofa toh shi ma da yaro zai zo. Amma kuma ɗaya ɓangaren shi ne wanda aka fi gani a wajenmu, jami'i ya ɗaure fuska ya daka tsawa yana "madam ki ja shi mana kina ɓata mana lokaci", yaro ya ƙara rikicewa, uwa ta rikice, layi ya tsaya cak, abin da minti biyu zai gama ya koma kwata. Binciken yana nan daram, salon yinsa ne kawai zai canza.

Matakin farko, tsaya ka duba kafin ka buɗe baki

Kukan yara ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da za ka yi ya danganta da wane iri ne a gabanka. Akwai kukan tsoro, akwai na gajiya da yunwa (jiragen Jidda da Madina sau da yawa cikin dare ne, yaro an taso shi daga barci an sa masa sababbin kaya an tsayar da shi a layi awa guda, me kake tsammani?), akwai na ciwo, akwai na yaron da ya ɓace wa iyayensa, sannan akwai wanda ba a fata, yaron da bai yarda da babban da ke riƙe da hannunsa ba. Ka ɗauki 'yan daƙiƙu ka kalli abu uku: numfashinsa lafiya? Akwai babba tare da shi? In akwai, yaron maƙale masa yake yi ko janye jiki yake daga gare shi? Yaron da ya cusa kai cikin hijabin uwarsa yana ihu, wannan kai yake tsoro, kuma shi ne mafi sauƙi. Wanda ya yi tsit yana hawaye ba sauti yana kallon ƙasa, shi ne zai sa ka buɗe ido.

Kuma ka gane dalilin tsoron nan, ba ƙiyayya ba ce. Mu ne dai a gida muke cewa yaro "in ba ka yi shiru ba zan kira ɗan sanda", "soja zai zo ya tafi da kai", "za a kai ka a yi maka allura". Toh yau ga shi ya zo ya ga mutum da yunifom, da baƙin takalmi, da safar hannu irin ta asibiti, riƙe da wata sanda mai ƙara, kuma an karɓe masa jakarsa an tura ta cikin wani rami mai labule ta ɓace. A lissafinsa duk barazanar da aka daɗe ana yi masa ce ta tabbata a rana ɗaya.

Mataki na biyu, cire su daga tsakiyar layi

Kar ka bar uwa tana lallashi mutum arba'in na bayanta suna tsaki. Ka yi wa abokin aikinka alama ya ci gaba da sauran fasinjoji, kai kuma ka ce "Hajiya bismillah ku ɗan matso nan gefe, ba sauri muke ba, a hankali za mu yi". Gefe fa, ba ɗaki ba, inda kowa ke ganinku kuma kyamara na ɗauka. Wannan kalmar ta "ba sauri muke ba" tana aiki fiye da yadda kake zato, saboda rabin rikicewar yaro daga jikin uwarsa yake ɗaukarta, ita tana tsoron jirgi zai tashi ya bar ta, tana jin kunyar mutane, sai ta fara finciko shi ko ta kai masa ranƙwashi. In ka ga ta ɗaga hannu za ta doke shi kar ka yi mata faɗa a gaban jama'a, ce mata "a'a Hajiya ki yi haƙuri, ƙyale shi, kullum muna ganin irin haka". Da babban za ka fara magana kafin yaron, in yaro ya ga uwarsa ko babansa sun saki jiki da kai shi ma zai sassauta.

Mutum ɗaya ne zai yi magana da yaron. Ba a taru a kansa mutum huɗu wannan na cewa yi shiru wancan na tafa hannu wata na miƙo biskit ba.

Mataki na uku, sauko ƙasa

Durƙusa ko ka tsuguna har idonka ya zo daidai nasa, ka bar ɗan tazara kamar taku ɗaya ko biyu, sandar binciken nan ka mayar da ita bayanka ko ka ajiye, oba-obarka ka rage mata murya. Kar ka taɓa shi tukuna, ko shafa kai. Ka tambayi babban sunan da ake kiransa da shi a gida, sannan ka yi magana a hankali: "Abokina sannu, ina za ku je, Makka za ka raka Mama?" ko "'yan mata wa ya yi miki wannan lallen mai kyau?" In ba Hausa yake ji ba ka nemo wanda ke jin yarensa cikin abokan aiki, Fulatanci ko Kanuri ko Turanci ko Faransanci, in babu uwar ta zama tafinta.

Sai ka gaya masa gaskiyar abin da zai faru da gajerun kalmomi. Jakarka za ta shiga nan ta fito can, ga ta can za ka gan ta. Ƙofar nan ba ta cizo, ba zafi, Mama za ta fara wucewa ka gani. Kada ka yi masa ƙarya, kuma don Allah kada ka yi wasan "za mu riƙe ka a nan Mama ta tafi", wasu suna yi wai raha ce, ga yaro ɗan shekara huɗu wannan ba raha ba ce ko kaɗan.

Abin da ya fi tayar da rigima shi ne rabuwa da abin hannu, 'yar tsana ko mota ko wani tsohon bargo da yaron ba ya barci sai da shi. Dole ya bi ta na'ura, wannan ba makawa. Dabarar ita ce ka bar shi ya zama na ƙarshe, a gama tura duk sauran kayan, sannan ka ce wa yaron shi da kansa ya kwantar da 'yar tsanar a tire, "za a ɗauke ta hoto", ya tura da hannunsa, ku wuce da sauri ku tare ta a ɗaya gefen. In ka fizge daga hannunsa ka jefa a tire toh kai ka jawo wa kanka.

Mataki na huɗu, binciken kansa

Nan ne ake yawan kuskure, bari in daɗe a kai. Ba a raba yaro da wanda ya kawo shi, ko na ɗan lokaci, ko da uwar ce na'ura ta yi wa ƙara za a sake duba ta, yaron ya tsaya inda yake ganinta. In iyaye biyu ne, ɗaya ya fara wucewa ya tsaya a can ya buɗe hannu, yaron ya taho wajensa, ɗayan ya biyo baya. In babba ɗaya ne kuma yaron ya ƙi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi a wuce tare, in ƙofar ta yi ƙara sai a duba su biyun da sandar hannu. Jariri kuwa a hannu ko a goye ake wucewa da shi, keken turawa da kujerarsa su ne ke bin na'ura bayan an ciro shi. Kar ka ɗauka kowa ya san wannan. A Disamban 2006 a filin jirgin Los Angeles wata kaka ta kwantar da jikanta ɗan wata ɗaya a cikin tire ya shiga na'urar haska kaya, sai a allo jami'in ya ga siffar jariri ya ciro shi. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne, kuma mu nan lokacin Umarar azumi muna da tsofaffi da yawa da ranar ce farkon shigarsu filin jirgi, an ce musu komai a sa a tire. Idonka ya kasance a bakin na'urar.

Mai goyo kuma, in ƙa'idar wajenku ta ce sai an kwance goyon an duba zani da majanyi, ki bari (mace ce ya kamata ta yi wannan) ta samu wajen zama ta kwance a nitse, ba a tsaye tana riƙe da fasfo a baki ba.

In ƙofa ta yi ƙara a kan yaro, kafin a kai hannu jikinsa a fara neman dalili. Yawanci abin a fili yake: awarwaro, 'yan kunne, bel mai ƙarfe, takalmi mai fitila, tsabar kuɗi ko mota a aljihu, fil ɗin ɗankwali. A cire a sake wucewa, ko sau biyu ne. Amurka ma sai da suka zo kan wannan, a 2011 bayan an yi ta surutu kan bidiyon wata yarinya 'yar shekara shida da aka laluba a New Orleans, hukumar TSA mai binciken fasinjoji a can ta sassauta wa yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa, aka bar su da takalmansu aka kuma ba su damar sake bi ta ƙofar don a rage kai hannu jikinsu. Ba ina cewa ku ɗauko dokarsu ku yi aiki da ita ba, ku bi abin da ogoginku suka rubuta, amma tunanin da ke ciki daidai ne, lalube shi ne zaɓi na ƙarshe.

Sai maganar laya. Za ka ga yaro da laya a wuya ko a ƙugu ko a damtse, wani lokacin ita ce ma ke sa ƙara. Ra'ayinka a kanta ka bar shi a gida, ba wa'azi aka ɗauke ka yi ba. Ka ce wa babban ya ciro da hannunsa a sa a tire ta bi na'ura a mayar masa, ba ka tsinke ba, ba ka farke ba, ba ka ɗaga sama kana nuna wa abokan aiki kuna dariya ba.

Idan ya zama dole a duba da sandar hannu, fara gwadawa a jikinka ko a hannun uwar yaron ya gani, bar shi ya ji ƙarar a kan agogonka ya san daga ina take fitowa. In kuma dole sai an taɓa jiki, mace ta duba mace, namiji ya duba namiji, ƙananan yara kuwa mace ta fi dacewa, a gaban iyaye, da shaida cikin abokan aiki, kana faɗin inda za ka taɓa kafin ka taɓa: "yanzu hannunka, yanzu bayanka". Ba a tuɓe yaro a fili. In akwai dalilin duba famfas ko ƙarƙashin riga, wannan sai an kira oga, a keɓe, uwar ce za ta buɗe da hannunta. In yaron ya sanƙare yana ihu a tsaya, a ba shi minti biyu ya sha ruwa, a sake gwadawa. Danne yaro a yi masa bincike da ƙarfi ba ya cikin aikin.

Madara da fida da kunun jariri da maganin ruwa: dokar da ta hana wucewa da abu mai ruwa a mazubin da ya wuce mililita 100, da aka kawo tun 2006, ta yi togaciya ga abincin jarirai da magani daidai buƙatar tafiya. A ware su a duba su daban, amma kar a zubar wa jariri da madara sannan a yi mamakin me ya sa yake kuka har cikin jirgi.

Idan kukan na ciwo ne

Nan ka daina zama mai bincike na ɗan lokaci, ka kira ma'aikatan lafiya na filin ta oba-oba nan take, kai ba likita ba ne. Tambayi babban kai tsaye: yana da wata lalura? A ƙasar nan sikila ta yi yawa, kuma sanyin AC da ƙishirwa da gajiya na tayar da ita, yaro zai riƙe ƙafa ko ƙirji ko baya yana wani irin kuka da ba lallashin da zai tsayar, a lulluɓe shi a ba shi ruwa a kira likita. Mai asma a miƙo masa inhelarsa ko da jakar na kan bel, a zaunar da shi, kar a kwantar. In zazzaɓi ya sa ƙaramin yaro jijjiga, kwantar da shi a gefensa a ƙasa, kawar da abin da zai buge, duba agogo ka riƙe lokacin da ta fara, kuma ka hana mutane tura masa cokali ko yatsa a baki ko ɗura masa ruwa, don wallahi sai an samu mai cewa a yi. Wanda ya sauko daga wani jirgin yana riƙe da kunne kuwa sau da yawa iskar sauka ce ta toshe masa, shan nono ko ruwa ko taunar wani abu na taimakawa.

Akwai kuma yaran da lalurarsu ba a gani a fuska, kamar masu galahanga, waɗanda ƙara da haske da taɓawar baƙo ke birkita su gaba ɗaya, ka ga yaro babba ɗan shekara goma ya toshe kunne ya zube ƙasa. Mutanen layi za su fara "rashin tarbiyya ne", kai kar ka bi su. Tambayi uwar "me ke kwantar masa da hankali, me ba ya so?" ita ta fi kowa sani, ka bi abin da ta ce. In ka ga igiyar wuya koriya mai zanen furen sunfulawa, alama ce da aka fara a filin jirgin Gatwick na Ingila a 2016 don masu irin wannan lalura, masu zuwa daga waje kan sa wa 'ya'yansu.

Yaron da aka tsinta shi kaɗai

Kada ka ɗauke shi ka kama yawo da shi kana neman iyayensa, su ma suna yawo suna nemansa, sai ku yi ta saɓani. Tsaya da shi a inda ka gan shi na 'yan mintuna, sanar da oga da ɗakin kyamara, kira abokiyar aiki ta tsaya tare da kai don kar ka kasance kai kaɗai da ɗan mutane. Tambaye shi sunansa, sunan wanda suka zo tare, kalar kayan da mutumin ya sa, ko ya haddace lambar waya. In za a yi sanarwa a lasifika a kira babban ya zo waje kaza, kar a zayyana sunan yaron da kamanninsa duka, don kar wani ya ji ya zo ya maimaita. Wanda ya zo karɓa kuma, komai kukan da yake yi, a ga fasfo ko katin shaida da takardar shiga jirgi, a ga ko akwai hoton yaron a wayarsa, sannan a kalli yaron kansa, ya ruga wajensa ko ya noƙe? Kar a ba shi alawa ko abinci kafin nan, ba ka san abin da jikinsa ba ya so ba. Kuma ba hoto, ba bidiyo, ba a ɗora ɗan wani a WhatsApp ko TikTok wai ana cigiya alhali ana cikin gini ɗaya da iyayensa.

Wanda ya fi wuya, yaron da ke tsoron wanda ya kawo shi

Alamomin da za su sa ka tsaya: babban ba ya barin yaron ya amsa ko tambaya ɗaya, yaron bai san inda za su ba ko yana ba da amsa kamar hadda, babban bai san shekarunsa ba, akwai tabo ko rauni, yaron na kaucewa duk lokacin da mutumin ya matso. Amma fa a yi hattara da al'adarmu kar a ci mutuncin bayin Allah. Riƙo abu ne da kowa ya sani, yaro na tafiya da goggonsa ko kakarsa ko kishiyar uwarsa kuma sunayensu ba su haɗu ba. Sannan akwai uwar da za ka tambaya sunan ɗanta ta sunkuyar da kai ta ƙi faɗa, ba don ba ta sani ba, ɗan fari ne tana alkunya, ko sunan surukinta ne aka sa masa. Wanda bai san wannan ba sai ya ce ya kama ɓarauniyar yara. Alama ɗaya ba hujja ba ce, haɗuwarsu ne abin dubawa.

In zuciyarka ba ta kwanta ba, kar ka tuhumi kowa a fili, kar ka ce "ina zarginka", kar kuma ka sa yaron a tsakiya kana masa tambayoyin 'yan sanda. Ka jinkirta su da hujjar aiki, a sake duba jaka misali, ka sanar da oga a hankali, shi zai kira jami'an shige da fice da 'yan sandan filin da NAPTIP, hukumar da aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, su ne ke da hurumin duba takardu da yin tambayoyi. Naka shi ne kar su ɓace maka daga ido kafin waɗancan su iso. In aka duba aka ga ba komai, a ba mutumin haƙuri da kyau, a raka shi ya samu jirginsa.

Bayan an gama, in lallashi ne kawai aka yi, taimaka musu su tattara kaya, duba tire kar a bar fida ko takalmi ɗaya, nuna musu ƙofar jirginsu da inda banɗaki yake, in lokaci ya ƙure a kira ma'aikatan kamfanin jirgin a ce ga masu yaro nan tafe. In uba ya ji daɗi ya miƙo "na ruwa" ka ce a'a Alhaji, Allah ya kiyaye hanya. Amma duk abin da ya kai ga kiran likita, ko tsintar yaro, ko bincike a keɓe, ko zargi, sai an rubuta shi a littafin aiki kafin ka tashi: lokaci, wuri, lambar jirgi, su wa ke wajen, wa aka miƙa wa yaron da irin shaidar da ya nuna, kuma ka faɗa wa wanda zai karɓe ka da baki, don in iyaye ko hukuma suka dawo da tambaya bayan kwana biyu wataƙila kai kana hutu.